Rigar Saƙin Sambo

A Tungar Bube, ƙauyen da ke bayan Fakku in ka bi ta fadama, babu wanda bai san tarihin tsoho Sambo ba, don shi da kansa ya sanar da kowa, ya kuma maimaita. Shekarar farin da shanu suka riƙa faɗuwa a tsaye, shi ya kora garken ubansa har bakin gulbi ya dawo da goma sha ɗaya da rai, lokacin da masu ɗari suka dawo da sanda kawai. Maciji ya sare shi a diddige, ya ɗaure ƙafar da mazagin wando ya ƙarasa noman da ya fara kafin ya nemi magani. Amai da gudawa ya shiga gidansa ya ɗauki mutum huɗu cikin mako guda, har da matarsa Zulfa da ɗansa ɗaya tilo, shi ya yi musu kabari da hannunsa bai ko kwanta ba. Da tsufansa 'yan bindiga suka tafi da shi daji, kwana tara, ya dawo da ƙafarsa ba wanda ya sayar da ko akuya a kansa. Duk wanda ya ce maka akwai ƙari a ciki, bai zauna da mazan da ba. Irinsu an daina haihuwa.

Abin da duniya ta bar masa shi ne shanu shida, da rago ɗaya, da rumbu ɗaya, da jika ɗaya mai shekara goma sha huɗu. Hauwa'u sunanta, sunan mahaifiyarsa, saboda haka bakinsa bai taɓa kama sunan ba, Uwata yake ce mata. Uwar yarinyar a kan amalanke ta rasu, tana naƙudar ƙanin da bai zo da rai ba, kafin a kai Kebbe. Tun ranar Sambo ya yi rantsuwa cewa jikarsa sai ta zama malamar asibiti, ko da shanun za su ƙare. Shi ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba, amma in ya zauna majalisa gindin tsamiya sai ka ce shi ya gina makarantar.

"Uwata ba ta taɓa fashin makaranta ba," in ji shi, "ko yini guda. Ɗiyanku mata yau ciwon kai, gobe ciwon ciki. Tawa jinina ta. Mu ba mu san kwanci ba."

Saura kwana goma sha uku a kwashi 'yan aji uku zuwa Kebbe su rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Wadda ta ci, makarantar kwana ta 'yan mata a Tambuwal. Wadda ba ta zauna ba, shi ke nan, karatu ya tsaya a nan. Sambo ya san lissafin kwanakin fiye da hedimasta.

To, bazarar nan ba ta zo masa da daɗi ba. Karsanarsa ja ta kumbura ta mutu cikin yini ɗaya. Bayan mako saniyar da yake sa wa rai ta yi ɓari. Kafin wannan kuwa sun yi cacar baki da maƙwabcinsa Nu'umanu a kan iyakar gona, har Nu'umanu ya kaɗa masa yatsa ya ce, "Za ka gani, tsoho." Sambo ya ajiye maganar a ransa.

Ranar Talata da hantsi, Hauwa'u tana makaranta, ya jingina tsani ya hau rumbu don ya gyara jinka kafin ruwa ya sauka. Yana zare tsohuwar ciyawa ta gefen gabas, inda rana ta fi duka, sai hannunsa ya taɓa wani abu mai laushi. Ya jawo. Tsumma ne, an ninke shi huɗu, an cusa can ciki. Ya sake laluba, wani. Har biyar. Ya warware ɗaya, sai ga tabo baƙi-baƙi a tsakiya, irin na jinin da aka wanke bai fita ba. Sambo ya yi yanka, ya yi fiɗa, ya wanke gawa, ba a koya masa jini.

Ba jinin ne ya tsayar da shi ba, yadin ne. Saƙi ne shuɗi mai ratsin fari, saƙar hannu, kuma a gefen ɗaya akwai ɗinkin baƙin zare, karkatacce, wanda shi da kansa ya yi shekara arba'in da suka wuce, inda ƙahon bijimi ya yaga. Ya sauko, ya shiga ɗaki, ya kwance adudun da ya fi shekara biyar bai buɗe ba. Rigar tana ciki, rigar da ya kora garke da ita shekarar fari. Wuyan da aikinsa suna nan. Daga ƙirji zuwa ƙasa an bi ta da reza an yanke, a tsanake, ba gara ba ce, ba ɓera ba.

Kowa ya san yadda ake sammu. A samo tufar jikin mutum, wadda ta sha zufarsa, a shafa mata jini, a cusa a inda abincinsa yake. Ga karsana, ga ɓari, ga "za ka gani." Me ya rage? Shekara talatin da ɗaya ya yi da Zulfa, in lokacinta ya zo ba ta wuce ta ce masa, "Ba ni salla," ta janye tabarmarta. Bai taɓa ganin abin da take yi ba, ko inda take shanya shi, bai kuma taɓa tambaya ba, don namiji ba ya tambaya. Saboda haka tunaninsa hanya ɗaya ya bi, ya kuwa bi ta da gudu.

Bai yarda ya sake taɓa su da hannu ba. Ya ɗauki sandarsa ta kiwo, ya soke tsummokaran biyar a kanta, ya ɗaga sama, ya rataya ragowar rigar a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar gari yana kururuwa.

"Jama'a, ku fito ku gani! Ku ga abin da anka yi mani cikin gidana! Ni Sambo aka son a kashe da asiri? Ni da maciji yag gwada yab bari?"

Kafin ya kai ƙofar maigari mutane sun yi dafifi a bayansa. Ya zube tsummokaran a ƙasa gaban fada, ya bi su da bakin sanda yana warwarewa ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya ga tabon.

"Ranka shi daɗe, wagga rigata ta. Duba ɗumkin. Cikin rumbuna nis same su. A kira mani Nu'umanu."

Maigari ya leƙa, ya ɗauke kai da sauri, ya kama gyaran hularsa. Akwai magidanta biyu ko uku a wurin da suka dubi ninkin, suka dubi tabon, suka sunkuyar da kai. Sun gane. Amma wa zai buɗe baki ya kira sunan abin nan a fada, gaban dattawa, da rana tsaka? Ba wanda ya iya. Maigari ya ce a hankali, "Baba Sambo, tattara mu shiga zaure."

"Ba ni shiga zaure! A ɓoye anka yi mani, a fili nika son a warware."

Aka zo da Nu'umanu daga gona, da ƙasa a ƙafarsa. Da ya ji zargin sai ya cire hula ya buga da ƙasa.

"Ni? Ni ka yin tsafi? Baba Sambo, ko zauren gidanka ban taka ba tun salla. A kawo Alƙur'ani in dafa!"

Aka aika wurin liman, Malam Abdulƙadir, ya zo da Littafin cikin gafaka, rungume a ƙirji. Nu'umanu ya nemi buta ya yi alwala, ya dafa, ya rantse sau uku. Duk mai hankali a nan zai tsaya. Sambo bai tsaya ba.

"Wanda ka iya sammu, rantsuwa mi ta a wurinai?"

"To mu biyu ka zama gidan?" in ji Nu'umanu. "Kai da jikakka kaɗai na. Ita a tambaya wa ka shiga in ba ka nan."

Daidai lokacin aka taso daga makaranta. Hanyar yara ta gaban fada take, sai ga su rututu, maza sun kusa arba'in, mata 'yan kaɗan a baya cikin fararen hijabai. Ganin taro suka tsaya. Sambo ya hango jikarsa.

"Yawwa! Uwata, taho nan. Jikata ba ta ƙarya, kowa ya sani. Taho ki gaya musu."

Aka buɗa mata hanya. Ta matso da littattafanta a ƙirji, tana duban fuskar kakanta, sannan idonta ya sauka ƙasa. Littattafan ba su faɗi ba. Ƙanƙame su ta yi.

"Kin taɓa ganin wanga mutum cikin gidanmu? Kin san wanda yat taɓa aduduna? Dafa Littafin ki faɗi, kowa shi ji."

"Baba Sambo," in ji liman, "yarinya ta, ba a..."

"Allah gafarta Malam, ta yi izu ashirin a hannunka. Dafa, Uwata."

Hauwa'u ta mayar da hannunta cikin hijabi. Ta ja da baya taku ɗaya.

"Mi kika tsoro? Ga ni tsaye! Ko barazana yay yi maki?" Ya kama wuyan hannunta ya jawo shi wajen gafakar. Ta turje, ƙafarta tana jan ƙasa. Liman ya dubi yarinyar, ya dubi abin da ke ƙasa, sai ya janye Littafin baya ya rufe shi da hannun rigarsa.

"Kaka," ta ce, muryar kamar ba tata ba, "ba ni da tsarki."

Sambo bai saki hannun ba, don har yanzu maganar ba ta sauka a kansa ba. Sai ga Sauda ungozoma, sa'arsa a shekaru, ta ajiye ƙwaryar daddawar da take talla, ta ratsa mazan nan ba sallama, ta cire mayafinta ta shimfiɗa a kan tsummokaran, ta tattare su a ciki. Ta ɗago ta dube shi.

"Saki yarinya, Sambo. Kai dai ka tsufa banza."

A can baya wani yaro ya fashe da dariya, wani ya kama, sai ta bazu cikin 'yan makarantar kamar wuta a ciyawa. Maigari ya daka musu tsawa. Hauwa'u ba ta yi gudu ba. Tafiya ta yi, kanta a ƙasa, Sauda tana bayanta tana kāre ta da jikinta.

Washegari ba ta je makaranta ba. Jibi ma haka. Ta shiga ɗakin uwarta ta saki asabari. Tana fitowa ta yi tuwo, ta ajiye masa akushi a ƙofar ɗaki, ta koma. In ya ce, "Uwata," sai ta ce, "Na'am," shi ke nan. Sambo ya je ya ba Nu'umanu haƙuri a tsaye, a gajarce. Majalisa kuwa bai koma ba, don ya ga abin da yara suka ƙirƙiro. Kowane yaro a Tungar Bube ya samo kara ya ɗaura tsumma a kai, suna jerin gwano a lungu suna ihu, "Ku fito ku gani! Tutar Sambo!" Ya kori wasu da jifa, suka koma bayan danga suka ci gaba.

Matan gari nasu ya fi ciwo, don ba da ihu suke yi ba. A bakin rijiya aka ce tsumman mace in idon maza ya gan shi, mahaifarta ta ƙulle ke nan. Aka ce ai dama jinin haila kusa da rumbu yana kore albarkar hatsi, kuma wa ya sani ko shi ya ci karsanar. Wasu iyaye maza biyu suka ce ashe 'yan matan nan sun girma ba a sani ba, suna zama benci ɗaya da maza, suka hana nasu fita.

Rana ta huɗu Malama Suwaiba ta zo, mace ɗaya tak a cikin malaman makarantar, 'yar Dogon Daji. Ta daɗe a ɗakin Hauwa'u, sannan ta fito ta durƙusa ta gaishe shi a gindin rumbu. Rumbun yana nan a buɗe ta gabas, tsanin a jingine tun ranar.

"Baba, 'yan mata bakwai gare ni a aji uku. Yanzu huɗu. Makarantarmu ba makewayi, ba ruwa, in yarinya ta matsu sai bayan gari, inda maza ke zuwa. Audugar mata sai Kebbe ko Tambuwal, kuma ba kowane gida ke iya saye ba. Kowane wata kowace yarinya tana ɓace mini kwana uku, kwana huɗu. In ta dawo an wuce ta. Hauwa'u kaɗai ba ta taɓa ɓacewa ba. Ka taɓa tambayar kanka yadda take yi?"

Sambo ya ɗaga kai ya dubi jinkan rumbun. Malama ta ci gaba.

"Zannuwan uwarta ta fara yankawa, suka ƙare. Ta gwada soson katifa, ya sa mata ciwo. Rigarka ce kaɗai auduga mai laushi da ta rage a gidan. Ta wanke da toka, don sabulun kai kake ajiye shi. A igiya ba ta iya shanyawa, kana tsakar gida. Shekara guda ke nan tana haka, don kada ka ji an ce ta yi fashi."

"To mi yah hana ta gaya mani?" Ya faɗe shi da ƙarfi, yadda ya saba.

Amsar daga bayan asabari ta fito. "Da wane baki, Kaka?"

Malama ta rubuta wani abu a 'yar takarda ta ba shi. "In ka kai wannan kemis za su gane. Ni zan ci gaba da zuwa ina mata bita a gida. Sunanta yana cikin masu jarrabawa, ba wanda ya isa ya cire. Fitar ce kawai."

Ya kama ragon da yake kiwo don layya ya kai kasuwa, ya hau mota zuwa Tambuwal. A ƙofar kemis ya tsaya ya gyara tsayuwa. Mutumin da ya dubi bakin bindiga kwana tara bai ƙifta ba, wai takarda zai miƙa kamar kurma? Ya shiga. Akwai mutane uku a kan benci.

"Baba, me za a ba ka?" in ji mai kemis.

"Abin nan nika so. Na... na mata."

"Na mata iri-iri ne, Baba. Ciwon mara? Ƙarin jini?"

Na kan benci suka juyo. Sambo ya kawar da kai. "Maganin ciwon baya," ya ce. Aka ba shi, ya fita, ya zaga kasuwa sau biyu, har ya tsaya taya igiyar da ba ya bukata. Da ya ga kemis ɗin ya yi sarari ya dawo, ya ajiye takardar a kan tebur yana kallon silin. Mai kemis ya karanta, ya ce, "Ai da ka faɗa tun ɗazu. Guda nawa?"

"Kwalin duka."

Ya sa aka naɗe kwalin cikin buhu, ya rungume shi a cinya har gida, ya ajiye a ƙofar ɗakinta.

"Uwata, ga shi. Ko matar gwamna ba ta da kamar wanga. Ranar Litinin ni da kaina za ni kai ki bakin mota. Ni ka gaba, ke kina baya. In ga ɗan da ubanai ya haifa da za shi ɗaga ido shi dube ki."

Hannu ya fito daga bayan asabari ya ja buhun ciki. Sambo ya ɗauki wannan a matsayin amsa, kuma bai yi kuskure ba. Malama tana zuwa kullum da la'asar, yana jin muryoyinsu suna karatu. Ranar Lahadi ya ga an wanke kayan makaranta an shanya.

Litinin da sassafe ta fito cikin wando da riga da farin hijabi, biro biyu a hannu. Ta rame, idonta ya faɗa, amma ta fito. Zuciyar tsoho ta cika. Ai ya faɗa, jininsa ce. Ya zura takalmi, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko sandarsa, don shekara sittin bai taɓa fita wani muhimmin abu babu ita ba, ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga gaba. Hauwa'u ta dubi sandar. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ya riga ya kai zaure.

A-kori-kura tana tsaye gaban fada, wurin da aka yi abin. Yaran sun hau sun cika bayanta, 'yan mata huɗu a takure kusa da kan motar, Malama Suwaiba tana tsaye a ƙasa da takardar sunaye. Hedimasta ya ja kunnen kowa tun jiya, ba wanda ya ce uffan. Har suka kusa, shiru.

Sambo bai yarda da shirun ba. Ya tsaya gaban motar, ya sauke sandar daga kafaɗa, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Ku saurara, 'yan banza! Duk wanda yas sake..."

Bai ƙarasa ba. Sanda ce dai wadda suka sani, a hannun da suka sani, a sama, a wurin da suka sani. Wani yaro ya toshe bakinsa da hannu, dariyar ta fito masa ta hanci. Na kusa da shi ya duƙa yana jijjiga. Daga can tsakiya wata 'yar siririyar murya ta ce, "Ku fito ku gani." Motar duka ta ɗauka.

Malama ta yi tsawa, hedimasta ya zaro bulala. Hauwa'u ta riga ta sa ƙafa ɗaya a kan taya, hannunta a kan ƙarfe. Ta dubi wurin 'yan matan. Ba dariya suke ba. Amma ta kusa da bakin, ƙawarta tun aji ɗaya, ta tattare gefen hijabinta ta matsa, don kada ya taɓa Hauwa'u.

Hauwa'u ta sauke ƙafar. Ta miƙa wa Malama biron nan biyu, ta juya.

"Hauwa'u!" in ji Malama. "Zo ki zauna gaba, kusa da ni. Hauwa'u, shekara uku fa!"

"Uwata!" in ji Sambo. "Uwata, tsaya! Ga ni nan!"

Ba ta waiwayo ba. Malama ta bi ta har bakin masallaci tana riƙe da hijabinta, tana magana, yarinyar tana girgiza kai. Direba ya danna oda, ya ce hanyar Kebbe ba kyau, in an rufe ƙofar ɗakin jarrabawa ba a buɗe wa kowa. Hedimasta ya duba agogo. Malama ta dawo da gudu tana share ido da bakin mayafi, ta shiga. Motar ta tashi. Sambo yana tsaye da sanda a hannu har ƙarar ta ɓace ta wajen Fakku. Mutanen da ke ƙofar fada kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

Da ya isa gida ya tarar da asabarin a ɗage. Tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, ta sauya zuwa tsohuwar rigar gida. Wandon makarantar yana shimfiɗe a cinyarta, reza a hannunta. Ta riga ta farke ƙafa ɗaya, tana yanka ta gida-gida, daidai wa daida, tana ninke kowane huɗu tana ajiyewa a gefe. Kwalin yana bayanta, an buɗe shi.

"Uwata, mi kika yi haka? Ga wanda nis sawo maki, kwali guda!"

"Shi zai ƙare, Kaka," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba ka da wani rago. Wanga zai kai ni baɗi."

Sambo yana da labari a kan kowace magana da aka taɓa yi masa a duniya. Ya tsaya yana lalube, ya bi shekarar fari, ya bi maciji, ya bi daji, bai sami wanda zai faɗa ba. Rezar tana ta ƙara a cikin yadi.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska ta kaɗa ciyawar da ya zare kwana goma sha uku da suka wuce. In ruwa ya sami gero a buɗe, ba su da abin ci har kaka. Ya jingine sandar a bango, ya ɗauki damin shuci da igiya, ya hau tsanin a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, irin hawan tsofaffi. Ya fara jera ciyawa yana ɗaurewa. Can ciki, ƙarƙashin wani tsohon ɗaurin ciyawa, yatsunsa suka taɓa laushi. Na shida ne, wanda bai gani ba ranar. Ya bushe ƙayau, shuɗi mai ratsin fari.

Ya dubi ƙasa. Tana can duƙe a kan aikinta. Ya mayar da shi inda yake, ya tura shi ciki sosai, ya jera sabuwar ciyawa a kai, ya ja igiya ya ɗaure.